Daga Ƙuru Zuwa Ingarma

Rigimar ta tashi ne a gindin bedin da muke zama bayan la'asar, kuma wayar ɗan ƙanena ce ta haddasa ta. Yaron ya zo hutu daga jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi da ɗan gemu tsiri da wata sabuwar cuta: kome ka faɗa sai ya latsa waya ya ga ko gaskiya ne. Alhajin unguwarmu kuwa kwanansa tara ke nan da sayo RAV4, kuma tun ranar da ta iso ba a sake kammala wata hira a majalisar ba. Ko zancen tsadar hatsi aka ɗauko, sai Alhaji ya lanƙwasa shi har ya faɗa kan "babbar kat-kat ɗin nan tawa". Makullin ma ya daina zama a aljihu. A masallaci gaban goshinsa yake ajiye shi, har wasu suka fara tababar me ake wa sujada.

Ran nan sai yaron ya ɗaga kai daga waya, cikin ladabi, ya ce: "Baba Alhaji, ku yi mini afuwa, amma a lissafin kamfanin Toyota motarku cikin ƙanana take."

Mai shayi ya tsaya da buta a sama. Wani tsoho da ke gyangyaɗi ya farka ba tare da an taɓa shi ba. Alhaji ya dube ni, don ni ne baffan mai laifi, ya ce: "Malam, kuɗin makarantar yaron nan wa ke biya? A je a karɓo canji."

Da dare na zaunar da yaron na ce ya karanta mini lissafin nan da ya kusa raba ni da maƙwabcina na shekara talatin. Ashe masu ƙera mota igiyar awo suke sa wa hajarsu, kamar mai sayar da yadi. Akwai 'yan ƙanana ƙwarai, irin su C-HR da ta fito a 2016 da Corolla Cross ta 2020, tsawonsu bai cika mita huɗu da rabi ba. Sai ƙanana, inda RAV4 ke zaune tun da aka haife ta a 1994, yanzu tsawonta wajen mita 4.6. Sai matsakaita: Highlander, 4Runner, Fortuner, Prado. Sai manya, inda Sequoia ta haura mita 5.2 ta miƙe ƙafa. Ya ce kuma akwai wani rabon da ya fi tsawo muhimmanci. Wasu masu shasi ne, wato an kafa ƙashin ƙarfe kamar tsani sannan aka ɗora gangar jiki a kai, yadda ake ɗora rumbu bisa duwatsu. Wasu kuwa, waɗanda ake ce wa kurosoba, ƙashi da jiki a haɗe suke kamar kunkuru, asalinsu ƙananan motoci ne aka ɗaga musu ƙafa aka faɗaɗa musu kafaɗa. Highlander, in ji shi, kan ginin Camry aka tashe ta.

Na ce to ai mu ma mun san wannan dabba. Ita ce wadda aka tambaya wane ne ubanta, ta ce doki ne kawunta.

Abin da yaron bai gane ba, da iliminsa duka, shi ne Toyota mota take aunawa, mu kuwa mutum muke aunawa. Kuma mun riga Japan fara wannan aiki. Sunan garinmu kaɗai ya ishe ka shaida: Hawandawaki. A gundumar Tasawa yake, ko da yake in aka tattaro dawakan da suka rage a cikinsa ba na jin za su cika hawan salla guda mai ƙura. Kakanninmu tun daga nesa suke karanta baƙo da abin hawansa. Mai ingarma daban, mai goɗiya daban, mai ƙuru daban, mai alfadari daban, mai jaki kuma ya san inda zai ɗaure abinsa ba sai an nuna masa ba. Dawakin suka ƙare, ma'aunin bai ƙare ba. Muka ɗebe shi ɗungum muka ɗora wa Toyota.

Dukushi a wurinmu su ne 'yan C-HR ɗin nan. Ba su cika zuwa nan ba, sai dai ɗiyar wani babban ma'aikaci ta taho da ita daga Yamai, ta bi kwalta lafiya lau har Gazawa ko Tasawa, daga nan ta sauka hanyar ƙasa ta fara kuka. Yara ba sa binta da gudu. Tsayawa suke suna kallonta da tausayi, kamar an kawo ɗan maraƙi kasuwa ba uwa.

RAV4 ita ce ƙuru: gajere, mai zafin nama, ba ya cin hatsi da yawa, kuma mai shi kullum a shirye yake ya yi faɗa a kan cewa shi ma doki ne. A nan "Raf-kat" muke kiranta, da bakin Faransanci, kuma wannan kat ɗin ne jarin mai ita duka. Ga lamba huɗu ɓaro-ɓaro a bayanta, wa zai ce ba kat-kat ba ce? Sai dai da yawa daga cikin waɗanda ake kawo mana daga Amurka ƙafa biyun gaba kaɗai ke ja, na baya rakiya suke yi. Dillali ba zai faɗa maka ba, kai ma ba za ka tambaya ba, don ba ka son jin amsar. Mai RAV4 ana tashi a gaishe shi, amma ba a cire takalmi. Fura ake kawo masa. In ya yi sa'a a sa sukari.

Mai Highlander an fi shi wahala, Allah Ya sani. Sunan motarsa na nufin mutumin tsaunuka, shi kuwa tsaunin da ya fi sani shi ne jigawar bayan gari. Motar ga faɗi, ga kujeru jeri uku, ga sanyi kamar randa, sabbin fitowarta ma tsawonsu ya yi kafaɗa da Land Cruiser V8, duka biyun kusan mita biyar. Amma je ka faɗa wa maroƙan Tasawa haka. Maroƙi ba ya yawo da igiyar awo. Ƙarar injin yake saurare, ya dubi tsayin ƙafa, ya dubi irin ƙurar da aka taso, kafin a buɗe ƙofa ya riga ya yanke kirarin da zai yi da abin da zai karɓa. Mai Highlander kirarin 'yan kasuwa yake samu, na rabin numfashi. An san yana da kuɗi, ba a dai tsoronsa.

Daga Prado ne sarauta ke farawa. Tun 1990 take, mai shasi ce, kuma sunanta a harshen Sifaniya na nufin fili mai ciyawa, abin da ya dace da dokin hakimi. In Prado ta tsaya ƙofar gida, kaza ta gama kwananta. Sai dai a cikin gidan Prado ma akwai 'yan uba: TX, TXL, VX. Baƙaƙe biyu ko uku ne na roba mai ƙyalli, amma a kansu ake auna zurfin durƙuso. Na san wanda ya aika Kano, kasuwar Ƙofar Ruwa, aka sayo masa VX ya manna bisa gurbin TX. Da rana ta take, tabon tsofaffin baƙaƙen na leƙowa ta ƙarƙashi, kamar furfura mako biyu bayan an shafa baƙi. Duk gari ya gani, ba wanda ya tanka, don kowa na da abin da ya manna a wani wuri.

Sai ingarma. Ba ma cewa Land Cruiser, wannan sunan takarda ne. "Ve-wit" muke cewa, V8, mu sassauta murya. Gidan Land Cruiser tsohon gida ne, tun 1951 aka kafa shi, sunan kuma ya zauna a 1954, amma wadda ta mallake zukatanmu ita ce samfurin 200 da aka yi daga 2007 zuwa 2021. Baƙa wuluk, gilashi baƙi, ba ka ganin na ciki, don haka kowa gaisuwa yake kai wa motar kanta. Na taɓa ganin dattawa huɗu sun durƙusa wa V8 a bakin kasuwa, suna "ranka ya daɗe, an zo lafiya", gilashi ya sauka sannu a hankali, sai ga yaron direba ɗan shekara ashirin yana tambayar inda ake sayar da ƙosai. Dattawan ba su miƙe nan take ba. Suka ƙarasa gaisuwar, suka ce ya isar.

Abin dariya, tun 2021 da samfurin 300 ya fito, Toyota ta cire injin mai silinda takwas ta sa mai shida. Yaron ya nuna mini a waya. To mu ba mu karɓi wannan murabus ba. Har gobe V8 ce. Ai in sarki ya rame ba a canja masa suna. Haka kuma Sequoia, wadda ta fi ta tsawo da faɗi, aka raɗa mata sunan wata bishiyar Kaliforniya da ta fi kowace kuka tsawo, in ta shigo gari sai a ce, "Wane ya sayo wata ƙatuwar mota." Shi ke nan. Ƙatuwa, ba babba ba. Bahaushe ya san tazarar da ke tsakanin kalmomin nan biyu, kamfani bai sani ba.

Ita V8 tana da lokacinta, kamar shamuwa. Bambancin kawai, shamuwa duk shekara take zuwa ta yi mana bushara da damina, ita kuwa a da sai shekara biyar-biyar, lokacin zaɓe. A ƙarshen 2020 zuwa farkon 2021, tsakanin zagayen zaɓe na farko da na biyu, mun ga V8 har muka fara raina Prado. Suka zo jere, suka bar mana atamfa mai hoton fuska, da buhun gishiri, da alkawarin kwalta. Daga baya ƙurar ta kwanta. Atamfar ta koɗe, gishirin ya ƙare, hanyar tana nan yadda Allah Ya yi ta, kuma in ka lura da kyau wannan ma dabara ce: in aka shimfiɗa kwalta har ƙofar kowa, Starlet ma za ta iso, to da me za a gane babban mutum?

Akwai wasu biyu da ba sa cikin wannan tsani, raƙuma ne su. Ɗaya Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya, 'yar gidan samfurin 70 da ake ƙerawa tun 1984 kusan ba a sauya mata siffa ba. Ita ce ta sojoji, ita ce ta masu ratsa Tenere, ita ta kwashi samarinmu zuwa haƙar zinariya a Jado tun 2014. A Cadi, a 1987, irin waɗannan motoci ne suka kori tankokin Libiya har aka raɗa wa yaƙin sunan Toyota. Ba a yi mata kirari, hanya ake ba ta. Ɗayar kuwa farar Hilux ko farar Land Cruiser mai doguwar eriya, motar furoje. Wannan ita ce kaɗai motar da ke juya ma'auninmu kai ƙasa. In V8 ta shigo, kowa gida yake rugawa ya sa rigarsa mafi kyau. In farar mai eriya ta shigo, kowa gida yake rugawa ya cire ta. Na ga mai shanu arba'in ya fito da taguwa mai faci, yana dogara sanda, ya shiga layin rajista yana tari. Da aka rubuta sunansa ya manta sandar a gindin bishiya.

Kamfani yana cewa wannan mai ɗaukar mutum biyar ce, waccan bakwai, waccan takwas. Wannan lissafin mutanen da ba su da dangi ne. Ranar kai amarya Korgom na ƙidaya da idona abin da ya fito daga Highlander guda: gwaggo huɗu, ƙawaye biyar, 'yan goyo ban ƙidaya ba, fanteka biyu, da tsohuwa guda wadda ba wanda ya san lokacin da ta shiga. Kuma zaman ciki ba a yinsa kara zube. Gaba na uwar biki ne. Kusurwar baya ta dama ta mai gida ce, ko ba ya nan ba a zama, sai dai a ajiye hularsa. Jeri na uku, inda gwiwa ke gaisawa da haɓa, na 'yan uwan da ake bin bashi ne. Washegari ba a tambayar ko amarya ta isa lafiya. Tambayar ita ce: jif nawa, kuma wace iri ce a gaba? Akwai auren da har yau dangin amarya ke gori a kansa, wai da RAV4 aka ɗauke ta alhali ƙanwarta Prado ta samu. Mijin mai RAV4 yana nan yana riƙe da matarsa shekara goma sha ɗaya. Na Prado bai kai ga azumi na biyu ba. Amma gorin bai canja ba, don ba a kan miji ake yinsa ba.

Ba wanda ke zancen ciyarwa, alhali nan doki da mota suka fi kama. Da can mai ingarma sai yana da rumbun dawa na doki kaɗai. Wasu V8 tanki biyu gare su, lita 138. Ko a farashin sefa 499 da gwamnati ta yanka wa litar fetur a 2024, cikon ciki ɗaya ya doshi jika sittin da tara. A da 'yan ruwa-ruwa suna rufa asiri da man Nijeriya mai araha, har ran 29 ga Mayun 2023 da shugaban Nijeriya Tinubu ya ce tallafi ya tafi, kwalabe suka yi tsada a bakin hanya. Shi ya sa za ka ga ingarma ya faka can bayan gari inda ba idon jama'a, direba ya leƙo ya ce a zuba kwalba uku. Kwalba uku a cikin wancan ciki, kamar ka jefa gyaɗa a rijiya. Kawo motocin ma ya zama aiki. Da daga Kwatano suke hawowa ta Gaya, tun bayan Yulin 2023 da iyakar Binin ta rufe sai an zagayo ta Lome da Burkina. Wannan ya ƙara wa masu gyaran fuska kasuwa: ka kai 'yar 2008 gareji, a sauya mata fitilu da hanci da goshi, ta fito tana rantsuwa jiya aka haife ta. Injin dai ya san shekarunsa, da asuba yake faɗa.

To, Alhaji ya yi mako uku ba ya amsa gaisuwar ɗan ƙanena. In yaron ya durƙusa ya ce "Baba Alhaji, ina wuni", sai ya dubi sama ya ce, "Wa ke magana? Injiniyan Japan?" Ya kuma sa aka rubuta 4x4 da manyan baƙaƙe a gilashin baya, don kada wani ya sake ruɗewa.

Sai damina ta kankama. Ran nan za mu gaisuwar rasuwa wani ƙauye, Alhaji ya ce a shigo, har yaron ya ce ya zo, ina jin don ya ga aiki da idonsa. Aka ba shi but, tare da buhun gero. Muka kama hanya, Alhaji da kansa ke tuƙi, yana ba mu labarin yadda motar ke shan yashi kamar koko. A wani kwari da ruwan jiya ya kwanta, direban wata Hilux da ke gabanmu ya tsaya, ya sa giyar ƙafa huɗu, ya ratsa abinsa. Alhaji ya laluba gefen giya yana neman irin wannan sanda, bai samu ba. Ya ce bismilla, ya taka.

Ƙafafun gaba suka yi ta juyawa suna feso mana laka har kan rufi. Na baya kuwa ko motsi, suna tsaye kamar baƙi a gidan biki. Cikin motar ya zauna daram a ƙasa. Muka fito muka tura, ni da rigar gaisuwa, ba ta ko gusa ba. Daga but ba a ji ko tari ba, kuma wannan shirun ya fi zagi ciwo.

Can sai ga wani dattijo da amalanke, bijimai biyu farare suna tafiyarsu ta ƙasaita. Ya tsaya, ya yi mana sannu, ya zagaya motar sau ɗaya yana duba ta kamar mai sayen saniya. Ashe duk damina sana'arsa ke nan a bakin kwarin, har igiya ta musamman gare shi. Ya ce: "Alhaji, aikin nawa da tsari yake. Ƙaramar mota jika biyu. Matsakaiciya jika biyar. Babbar kat-kat jika goma." Ya nuna gilashin baya da sandarsa. "Taku kuwa ga shi nan an rubuta."

Alhaji ya dubi rubutun, ya dubi bijimai, ya dubi lakar da ta kai masa ƙauri. Ya yi gyaran murya.

"Haba, Baba. Wannan 'yar abar? Ai Corolla ce aka ɗaga wa ƙafa."

"Ni dai jahili ne, Alhaji, abin da na ga an rubuta nake bi."

Alhaji ya juya wajen but, muryarsa ta yi taushi kamar ta mai neman aure.

"Ɗana, kai ɗan albarka, sauko. Ina wayar nan taka? Zo ka karanta wa Baba abin da kamfani ya ce."

Yaron ya sauko, ya ɗaga wayar sama, ya juya gabas, ya juya yamma, ya hau kan amalanken ya sake ɗagawa. Sannan ya sauko ya durƙusa har ƙasa.

"Baba Alhaji, ku yi haƙuri. Babu rezo."